Waiwaye: gardamar baftisma ba yau ta fara ba

Duk shekara in Ista ta matso sai gardamar nan ta sake tashi tsakanin matasan kiristocin garin nan na Tahoua, ko a WhatsApp ko a fada wajen shan shayi. Wannan ya ce wanda aka zuba ma ruwa a ka yana jinjiri ba a yi mashi baftisma ba, sai an nutsar da shi gaba ɗaya, wancan ya ce ai baftisma ɗaya ce, wanda ya sake ta ya raina ta farko. Abin da ke damuna shi ne kowa na magana kamar daga kansa aka fara zancen, alhali maganar ta kusa shekara 2000, kuma babban ɓangarenta a nan Afirka aka yi shi.

Tun kafin Yesu Yahudawa na da wankan tsarki, mutum ya sauka cikin ruwa da kansa ya fito, duk lokacin da ya ƙazantu ya sake. Sai Yahaya ɗan Zakariya ya bayyana a bakin Kogin Urdun da wani abu daban: shi ne ke nutsar da mutane, kuma sharaɗin tuba ne, mutum ya furta zunubansa. Yesu da kansa ya zo aka yi mashi, daga baya a ƙarshen Matiyu sura 28 ya umarci almajiransa su yi wa al'ummai baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Ranar Fentikos wajen mutum 3000 aka yi ma. A Ayyukan Manzanni sura 8 kuma ga wani babban ma'ajin sarauniyar Habasha, baƙar fata ɗan'uwanmu, yana tafe cikin karusa ya hango ruwa ya ce ma Filibus mai wa'azi, wanda ke tare da shi, me zai hana a yi mani, nan take suka sauka.

Amma wanda ya fito da ma'anar fili manzo Bulus ne, a Romawa sura 6. Shi a wurinsa ba wanka ba ne, jana'iza ce. An binne ka tare da Almasihu, an tashe ka tare da shi, tsohon mutumin ya tafi kenan. Masu nutsarwa a nan suke tsayawa, kuma gaskiya suna da hujja, domin wanda ya taɓa ganin an danna mutum cikin ruwa ya ɓace sannan aka ɗago shi yana haki baya buƙatar dogon wa'azi kafin ya gane ayar. Masu yi wa yara kuma su nuna maka Lidiya da mai tsaron kurkukun garin Filibi a Ayyukan Manzanni sura 16, waɗanda aka ce an yi masu da dukan gidansu.

Akwai wani ɗan littafi da nike so kowane kirista na Ader ya sani, ana ce mashi Didake, an rubuta shi wajen ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2. Ya ce a yi baftisma cikin ruwa mai gudu, in babu a yi da wani ruwan, in ba a iya da mai sanyi a yi da mai ɗumi, in kuma duka babu to a zuba ruwa a ka sau uku. Ya ƙara da cewa wanda za a yi ma ya yi azumin kwana ɗaya ko biyu tukuna. Mu da muka san yadda rijiya ke ƙafewa a watan Afrilu, mata na kwana a layin famfo da bido, ba sai an yi mana bayani ba. Mutanen Yamai na da kogi a ƙofar gida, mu sai tabki in damina ta yi kyau, ko kwarmin siminti a harabar majami'a. Kiristocin farko sun fi son ruwa mai yawa, wannan ba shakka, amma basu ce ma mutumin ƙasar fari ya jira kogi ba, kuma ni ina ganin azumin nan da suka sa ya nuna inda hankalinsu yake.

A ƙarni na 3 abin ya yi tsanani sosai. Mai son shiga yana iya shekara uku yana koyo, ana duba sana'arsa da halinsa, sai daren Ista ya yi musun Shaiɗan a gaban jama'a, a nutsar da shi sau uku, ya fito a ba shi madara da zuma. Tatuliyan, malami a Kartaj (Tunisiya ta yau), wajen shekara ta 200 ya ba da shawarar a jinkirta wa yara har sai sun san Almasihu da kansu, wanda ke nuna tun lokacin ana yi masu ɗin. Bayan kamar shekara hamsin a garin dai, Bishop Sifiriyan da taron bishop-bishop 66 suka ce ko kwana takwas ma kar a jira da jinjiri. Gari ɗaya fa, ra'ayi biyu. Wasu kuma suka wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, suna ɗage ta har bakin mutuwa don kar su sake zunubi bayanta, sarkin Rum Kostantin kansa sai yana kwance ciwon ajali a 337 aka yi mashi.

Sai Agustin, haifaffen Aljeriya maƙwabciyarmu, wanda Bishop Ambros ya yi ma baftisma a Milan daren Ista na 387 yana ɗan shekara 32. Ya dawo ya zama bishop a Hippo, Annaba ta yanzu, ya tarar da mabiya wani bishop mai suna Donatus na sake yi wa mutane baftisma, suna cewa wadda ta fito daga hannun limaman da suka ba da kai lokacin da Romawa suka tsananta ma kiristoci a 303 bata karɓu ba. Amsar Agustin ita ce baftisma ta Almasihu ce, ba ta mai zuba ruwan ba, ko da shi mai zubawar ya lalace. Koyarwarsa kan zunubin gado, wato kowa an haife shi da zunubin Adamu, kuma ita ta ƙara kafa yi wa jarirai, haka aka tafi fiye da shekara dubu a Turai.

Luta da Kalbin ma, jagororin 'yan Furotesta da suka ɓalle daga Katolika, basu taɓa yi wa jarirai baftisma da nufin hana ta ba, haka suka bar ta. Wasu samari ne a Zurik ta Suwis suka ce sai wanda ya gaskata da bakinsa, ranar 21 ga Janairu 1525 suka yi wa juna baftisma a cikin gida. Bayan shekara biyu hukumar garin, su ma 'yan Furotesta, ta ɗaure ɗaya daga cikinsu, Felis Manz, ta jefa shi kogin Limat ya mutu. Duk sanda na tuna wannan raina na ɓaci, kirista ya kashe kirista da ruwa a kan maganar ruwa. 'Yan Baftis sun biyo baya a Amsterdam a 1609.

Duka hanyoyin biyu sun iso Nijar kusan lokaci guda. Mishan na SIM (Sudan Interior Mission, 'yan ebanjelik, wani reshen Furotesta) sun sauka Damagaram a 1924, suka zo Tsibiri, suka buɗe asibitin Galmi a jiharmu a 1950, kuma majami'un da suka fito daga aikinsu, irin su EERN (majami'ar ebanjelik ta Jamhuriyar Nijar), manya suke nutsarwa bayan ajin baftisma. Katolika sun kafa mishan a Yamai a 1931, suna yi wa 'ya'yan mabiyansu tun suna goye, babba kuma sai ya yi shekaru yana koyo kamar dai yadda aka yi a zamanin Kartaj. Inda abin ke cizo yanzu wajen aure ne: Katolika na karɓar baftismar da aka yi da ruwa cikin sunan nan uku a wata majami'a, amma yarinyar Katolika in ta auri ɗan ebanjelik sau da yawa sai a ce ta sake, ita kuma ta ji kamar an ce iyayenta wasa suka yi. Ni nutsarwa aka yi mani kuma ita na fi so, amma bana yarda fasto ya ce mata ita ba kirista ba ce.

Ga kuma tsohuwar matsalar mai mata biyu da ya ba da gaskiya, a yi mashi ko sai ya saki ɗaya? Majami'ar Angilika a taron bishop-bishop ɗinta na Lambet a Ingila na 1888 suka ce ba a yi mashi, sai a 1988 suka sassauta da sharaɗin kar ya ƙara, domin sun ga sakin na jefa mata da yara cikin wahala. A ƙauyukanmu har yanzu akwai dattawan da suka shekara da shekaru suna zuwa sujada duk Lahadi, suna zaune a baya ranar jibin Ubangiji saboda wannan, kuma kowace majami'a da yadda take yanke hukuncinta.