Marina, ku duba garin rinin da kuke saya

A zagayen duba-gari da na yi makon jiya a Kakuri, na tsaya bakin wata kwata da ruwanta ya yi jawur kamar an yanka rago. Na bi sawunsa har gidan wata baiwar Allah mai rinin shadda. "Malam, sau biyar ke nan ina ɗaurayewa, har yanzu zuba take," in ji ta. Da ta ɗebo min garin, sai na ga ya sha danshi, duk ya dunƙule.

Irin wannan rini, da ake kira "reactive dye" a Turance, wanda kamfanin ICI na Ingila ya fara fitarwa a 1956, haɗewa yake yi da zaren auduga idan an zuba soda, shi ya sa ba ya saurin koɗewa. Matsalar ita ce yana iya haɗewa da ruwa kafin ya kai ga zaren. Wanda ya yi haka ya mutu, ba zai ƙara kama yadi ba, kwata zai bi. Ga kuma gishiri da ake cakuɗa garin da shi tun daga masana'anta. Ke mai rini, kin auna cokali uku, alhali rinin gaske bai kai haka ba.

Garin da aka tace, aka rage masa gishiri da mataccen rini, yakan narke tas, kaɗan ya isa, launi ya fito bai ɗaya babu dabbare-dabbare, ɗauraya ma ta ragu. Gaskiya ne gishiri na cikin aikin, shi ke tura rini jikin yadi, amma gara ki auna abinki da hannunki.

Kafin ki sayi mai yawa, rina ƙyalle biyu da gari iri biyu a awo ɗaya, ki wanke da ruwan zafi ki gani. Ki rufe garin ruf a busasshen wuri. Soda kuwa sai daga baya, kuma kada kwaɓin ya kwana.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙirjinku. Shaƙar ƙurar garin na iya jawo asma, taɓa shi kuma ƙaiƙayin fata. Don Allah a sa takunkumi da safar hannu, a nisanta yara, kada a zubar da ruwan kusa da rijiya. Kwatocin Kakuri da Makera Kogin Kaduna suke gangarawa, masu lambu kuma suna ban-ruwa da shi.