Bargon Ƙarƙashin Gadon Lilo

Bargon ƙasa wani bargo ne mai riƙe ɗumi da masu kwana a daji ke ratayawa a ƙarƙashin gadon lilo (ƙyallen kwanciya da ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu), daga waje, domin kare bayan mai barci daga sanyi. Jakar barci, wato bargo mai siffar jaka da ake shiga ciki a kwana, ba ta wadatarwa a irin wannan gado, saboda ɗumin da take bayarwa yana zuwa ne daga iskar da ta maƙale a cikin abin da aka cusa mata, kuma da zarar mutum ya kwanta sai nauyinsa ya danne ɓangaren ƙasa, iskar ta fice. Ga shi kuma iska tana kaɗawa a ƙarƙashin gadon tana kwashe zafin jiki, har mutane da yawa kan fara jin sanyi a baya tun yanayi yana wajen digiri 20 a ma'aunin Salshiyos. Shi kuwa bargon ƙasa, tun da ba a kansa ake kwanciya ba, kumburinsa ba ya raguwa.

Wajen zaɓe, abu na farko shi ne iyakar sanyin da bargon zai iya tarewa. Masu ƙera shi sun fi fitar da matakai uku, kusan digiri 4, da digiri 7 ƙasa da sifili, da digiri 18 ƙasa da sifili. Kamfanonin ne da kansu ke sanya waɗannan alƙaluma, jikin mutane kuma ya bambanta, don haka ya fi dacewa a sayi wanda zai jure sanyin da ya ɗara wanda ake tsammani. Ta fuskar tsawo, akwai cikakke mai wajen santimita 180 zuwa 200, akwai kuma gajere da ke rufewa daga kafaɗa zuwa ƙwauri. Gajeren ya fi sauƙin ɗauka, amma sai an sa 'yar shimfiɗar soso a ƙarƙashin ƙafafu. Abin cusawa iri biyu ne: lallausan gashin agwagwa ko dinya, wanda ya fi rashin nauyi amma yake lafewa idan ya jiƙe, da zaren roba irin su Climashield Apex, mai arha da jure laima, sai dai ya fi cin wuri a jaka.

Ɗaurawa ita ce inda aikin yake, domin bargo mai tsada da aka ɗaura ba daidai ba bai fi mai arha amfani ba. Igiyar roba mai talewa tana ratsa gefunan bargon biyu, a maƙala ta da ƙugiya a ƙarshen gadon ta kai da ta ƙafa. Ana ɗame ta har sai bargon ya ɗan ɗaga gadon sama lokacin da babu kowa a ciki. Idan ta yi sako-sako, gibi zai buɗe tsakanin bargo da gado, sanyi ya taru a wurin. Idan kuma ta ɗame fiye da kima, gashin zai danne. Saboda wannan ne nagartattun barguna ake yanka ƙyallensu na waje ya fi na ciki faɗi, yadda na ciki zai manne wa gado ba tare da an matse abin da ke tsakani ba. A bakin bargon ta kai da ta ƙafa akwai zaren tsukewa, kuma kaɗan ake jan sa, don yawan tsukewa yana haifar da tattara wadda iska ke bi ta shiga.

Tun da a karkace ake kwanciya a gadon lilo, sai a ja bargon ya rufe kafaɗar da ke gefe ɗaya da ƙafafun da ke ɗaya gefen. Gwaji mafi inganci na buƙatar mutum biyu: ɗaya ya kwanta, ɗayan ya zura hannu tsakanin gado da bargo yana laluben gibi, musamman ƙarƙashin gwiwoyi. Bayan an dawo gida, a shanya bargon ya bushe sarai, a ajiye shi a sake cikin babban buhu, domin daɗewa a matse yana kashe kumburinsa.