Waiwaye: Abin da ya sa limamin coci a Ingila ke gode wa maigidan ɗansa a Indiya

Tun 2020 ake ta ja-in-ja a Ingila kan asalin dukiyar da ta gina tsofaffin gidajen alfarma, da kuma allunan tunawa da ke manne a bangon coci-coci. Wasu na cewa harkar ƙasashen waje ta 'yan tsirarun attajiran Landan ce, mutumin karkara bai san hawa ba bai san sauka ba. Wasu kuma na cewa kowa ya lasa. Kafin a yanke hukunci, ya kamata a duba wata irin wasiƙa ta ƙarni na 17, wadda limamin cocin ƙauye kan rubuta wa mutumin da ɗansa ke aiki a ƙarƙashinsa a Surat ko Madras ko Bengal, yana yi masa godiya.

Farkon labarin sananne ne. A ƙarshen 1600 Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta ba Kamfanin Gabashin Indiya izinin kasuwanci, aka buɗe gidan ciniki a Surat a 1613, aka samu filin Madras a 1639, Bombay ta shiga hannun kamfanin a 1668. Daga nan masu ba da tarihi sukan yi tsalle zuwa yaƙin Plassey na 1757, wanda ya ba kamfanin iko a Bengal.

To me ya haɗa limami da wannan harka? 'Ya'ya. A 1549 doka ta halatta wa limaman cocin Ingila aure, aka sake tabbatar da ita a 1604, gidajensu suka cika da yara. Sai dai gidan da limami ke ciki da ushirin amfanin gona da yake karɓa na muƙami ne, ba a gadonsu. Ranar da ya rasu, matarsa da yara sai su kwashe kaya. A ƙiyasin masanin ƙididdiga Gregory King na 1688, ƙaramin limami bai wuce samun fam 50 a shekara ba. Ga kuma rikici: a yaƙin basasar shekarun 1640 an kori limamai da dama, a 1662 wata doka ta sake fitar da wajen 2,000. Matsin ya kai har a 1655 aka kafa wata ƙungiya a Landan don tallafa wa iyalan limamai. Uban da ya koya wa ɗansa rubutu da lissafi amma ba shi da gonar ba shi, dole ya nema masa hanya.

Abin da aka fi mantawa ya faru ne a shekarun 1660 da 1670. A lokacin ne kamfanin ya sassauta, ya bar ma'aikatansa su yi cinikin kansu daga wannan tashar jirgi zuwa waccan a cikin Asiya, shi kuma ya riƙe manyan kayan da ake kaiwa Turai. Albashin sabon akawu bai wuce fam 10 a shekara ba, kuma sai an samu masu tsaya masa da lamunin ɗaruruwan fam kafin ya hau jirgi. Ba wanda zai yi tafiyar wata shida a teku don wannan albashi. Arzikin yana cikin cinikin kai, shi kuwa cinikin kai yana hannun shugaban gidan cinikin. Shi ne ke cewa wane zai tafi inda ake sayen alharini, wane zai zauna yana kwafar takardu. Shi ke ara wa yaro jari, ya ba shi ɗan gurbi a jirgin da ke zuwa Farisa, ya haɗa shi da dillalan gari waɗanda su ne suka san farashi. A teburinsa ake cin abinci, a ƙarƙashin idonsa ake addu'ar safe da yamma, kuma rahotonsa ne ke isa Landan.

Da wannan sauyin ne wasiƙar uba ta samu nauyi. A zahiri godiya ce, cewa an karɓi yaro an riƙe shi da mutunci, Allah ya saka da alheri. A ƙarƙashinta kuwa roƙo ne: a tsawata masa kan giya da caca, a sa masa ido kan ibada, in wata dama ta taso a tuna da shi. Limamin ba shi da tukuicin da ya wuce addu'a da kalmomi masu daɗi, su ne kuwa sana'arsa. Kuma yana rubutu ne a makance, domin kafin amsa ta dawo an fi shekara, ga zazzaɓi na ɗauke samari har Turawan Bombay na cewa damina biyu ce tsawon ran mutum. Mai yiwuwa ana karanta godiyar ne bayan an binne wanda aka yi ta dominsa.

A ganina tushen wannan godiya yana nan, inda rashin gado a gida ya haɗu da ƙaramin albashi da izinin cinikin kai a waje. Haɗuwar nan ce ta sa iyalai masu matsakaicin hali suka ɗaura fatansu a kan jiragen Indiya, shekara kusan 90 kafin Plassey.

Ga misalin inda irin wannan hanya ta kai: Thomas Pitt ɗan limamin ƙauyen Blandford St Mary a Ingila ne, an haife shi a 1653. Mahaifinsa ya rasu kafin ya tafi Indiya a 1674. Can ya koma cinikin kansa, ya auri 'yar dangin shugaban gidan ciniki na Bengal, a 1698 ya zama gwamnan Madras. Lu'ulu'un da ya saya a can ya sayar wa mai riƙon sarautar Faransa a 1717 kan fam 135,000. Jikansa da tattaɓa-kunnensa, dukansu William Pitt, sun yi firaministan Birtaniya.