Neuromancer

Neuromancer ƙagaggen labarin kimiyya ne na William Gibson, marubuci haifaffen Amurka da ke zaune a birnin Vancouver na Kanada. Kamfanin Ace Books ne ya buga shi a 1984, kuma ya lashe manyan kyaututtuka uku: Hugo da Nebula da ta Philip K. Dick. Shi ake ɗauka ginshiƙin salon cyberpunk, wato labaran da ke cuɗa fasahar kwamfuta mai zurfi da rayuwar 'yan daba da ɓarayin birni.

Labarin ya fara a Chiba ta Japan. Case gwanin kutsen kwamfuta ne da ya ci amanar iyayen gidansa, su kuma suka lalata masa jijiyoyi da guba don kada ya sake shiga duniyar na'ura. Yana cikin wannan hali wani mai suna Armitage ya yi masa tayin magani, da sharaɗin zai yi masa wani aiki. Abokiyar tafiyarsa Molly ce, mai madubi dashe a idanu da wuƙaƙe a ƙarƙashin farata. Daga Istanbul har tashar sararin samaniya ta Freeside, sannu a hankali ta bayyana cewa mai juya akalar duka wata basirar na'ura ce, Wintermute, da ke neman haɗewa da ɗan'uwanta Neuromancer.

Masu karatu sukan koka da babukan farko. Gibson ba ya tsayawa bayani. Jefa mutum yake cikin baƙin kalmomi, sai ya lalubi hanya da kansa. Wasu kan ajiye littafin nan take, waɗanda suka daure kuwa sukan ce wannan ruɗanin shi ne daɗinsa. Abin mamaki, Gibson da ya yaɗa kalmar cyberspace, wato duniyar na'ura, da tafireta ya rubuta littafin, bai mallaki kwamfuta ba a lokacin.

Zamani ya bar wasu sassansa a baya. Babu wayar hannu a ciki, wayoyin kuɗi na jikin bango ne ke ringi. Jimlar farko ma ta kwatanta sararin sama da launin talabijin a tashar da ba ta aiki. A 1984 toka-toka mai yayyafi ake gani. Yaran da suka taso daga baya shuɗi suka sani.

Littattafai biyu sun biyo bayansa: Count Zero a 1986 da Mona Lisa Overdrive a 1988.