Tausar Sin: inda take amfani, da inda ba a kai mata hannu

Kwanakin baya wani Alhaji mai zuwa sarin kaya birnin Guangzhou na ƙasar Sin ya shigo sashenmu na gashin ƙashi yana dafe da ƙugu. Ya ce a tafiyarsa ta ƙarshe bayansa ya riƙe har ya kasa ruku'u, sai mai yi masa tafinta ya kai shi asibiti. Wai kafin a taɓa shi sai da likitar ta sa ya fito da harshe ta duba, ta riƙe wuyan hannunsa ta ji bugun jini, ta tambaye shi barcinsa da bayan gidansa, sannan ta tura shi hoto. Da hoton ya fito lafiya aka kwantar da shi da rigarsa a jikinsa, aka shimfiɗa farin ƙyalle a bayansa, wani ya dinga mirgina bayan hannunsa a kan tsokar kamar mai murza fura. Zuwa uku ya yi, ya miƙe. Yanzu ciwon ya dawo, ya ga allon wani shago a gari an rubuta tausar China, shi ne yake tambaya ko ya je.

Na ce masa, Alhaji, abin da ya fi burge ni a labarin nan hoton ne.

Sunan wannan tausa tuina. Kalmar "tui" na nufin turawa, "na" kuma damƙa. Tsohon sunanta anmo, wato dannawa da shafawa, kuma an ambace ta a littafin likitancin nan Huangdi Neijing da aka haɗa sama da shekara 2,000 da suka wuce. A zamanin daular Tang, daga 618 zuwa 907, ofishin likitocin fada yana da sashen tausa da malamansa. Sunan tuina ya bazu ne a daular Ming, lokacin da aka yi ta rubutu kan tausar yara. A 1956 gwamnatin Sin ta buɗe kwalejojin maganin gargajiya a Beijing da Shanghai da Guangzhou da Chengdu, kuma a yau mai tuina na asibiti shekaru yake yi a jami'a yana karanta sassan jikin ɗan Adam kafin a bar shi da mara lafiya. Ke nan a can ba sana'ar da ake koya a mako biyu ba ce.

Su masu tuina a fahimtarsu akwai wani ƙarfi da ke zagaya jiki, suna rubuta shi qi, ana faɗinsa kamar "ci" namu na cin tuwo. Suka ce yana bin manyan hanyoyi 12, idan ya toshe sai ciwo ya taso, tausa kuma buɗe hanyar take yi. Binciken likitancin zamani bai gano waɗannan hanyoyi a jiki ba, gara in faɗa muku gaskiya. Abin da muke iya gani shi ne matsa tsokar da ta ɗaure yana sassauta ta, jini ya ƙara gudu a wurin, zafin ciwo ya lafa, hankali ya kwanta. Abin da nake yaba musu shi ne kallon mutum gaba ɗayansa. Ba sa raba ciwon wuyanka da rashin barcinka, da damuwar bashi, da irin kujerar da kake wuni a kai. Tausar ma ɓangare ɗaya ce, sukan haɗa ta da allurai da tsirrai da motsa jiki da ƙaho, wanda mu ma wanzamanmu sun daɗe da saninsa.

Inda ta fi nuna amfani shi ne ciwon baya da wuya da kafaɗa na gajiya da tsoka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a 2020, kuma a jagorar da ta fitar a Disamban 2023 ta sa tausa cikin abubuwan da za a iya yi wa mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu, tare da motsa jiki da wayar da kai. Sauƙin na ɗan lokaci ne. Tela ko direban da aka tausa yau, ya koma zaman awa goma gobe, jibi ciwon na nan.

Tausa ba ta maganin hawan jini, ba ta maganin ciwon suga, ba ta narkar da ƙari. Duk wanda ya ce ka ajiye ƙwayoyinka saboda zai buɗe maka jijiya, tashi ka ba shi wuri.

Sai wuraren da ba a kai hannu sam, kuma nan nake so a tsaya da kyau. Na taɓa ganin wata mai jego, kwana tara da haihuwa, ƙafarta ɗaya ta kumbura daga sha-raɓa, da ɗumi da zafi. Surukarta ta kwana biyu tana murza mata da man zafi, da kyakkyawar niyya. Jini ne ya daskare a jijiyar ƙafar. Irin wannan gudan idan ya ɓalle huhu yake nufa, kuma yana iya kisa cikin mintuna. Allah Ya sa an kawo ta da wuri. Ƙafa ɗaya da ta kumbura bayan haihuwa, ko tiyata, ko doguwar tafiyar jirgi, asibiti ake kai ta.

Ciwon bayan da ke tare da rama da zazzaɓin dare da gumi na iya zama tibi ce, wato cutar tarin fuka, ta ci ƙashin baya, kuma muna ganinta a nan ba kaɗan ba. Danna irin wannan ƙashi na iya taɓa laka, ƙafafu su mutu. Wuyan da ya sanƙare da zazzaɓi da ciwon kai, musamman lokacin zafi, a fara zargin sanƙarau. Wanda ya fara sakin fitsari ko bayan gida bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya sage, ranar zai ga likita, ba gobe ba. Haka ba a tausa kan karaya ko tsagewar ƙashi, da ƙurji ko miki, da inda ake zargin ciwon daji. Tsofaffin mata da ƙashinsu ya yi laushi, da masu sikila, da masu shan maganin tsinka jini irin su warfarin, sai da izinin likitansu kuma a hankali. Mai ciki kuwa, su kansu masu tuina suna kauce wa ciki da ƙugu da wasu gurabe, kamar tsakanin babban yatsa da manuniya da saman idon sawu ta ciki.

Akwai kuma juya wuya da ƙarfi har ya yi ƙas, abin da samari ke so wurin aski. Ba kasafai ba, amma yana iya yaga jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Ni ba na bari a yi mini.

Alhaji dai mun duba shi, ba mu ga alamar haɗari ba. Na koya masa motsa jiki uku da zai riƙa yi bayan sallar asuba, na ce idan zai je shagon ya tambayi inda mai tausar ya yi karatu da takardarsa, ya kuma lura ko za a tambaye shi cututtukansa da magungunan da yake sha kafin a ce ya kwanta. Ɗan tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu bayan tausa ba komai ba ne. Idan ya ji zafi na harbawa zuwa ƙafa, ko yatsu sun sage, ya ce a dakata nan take, ya dawo mu sake dubawa.