Kibod ɗin sarrafawa da sintesaiza ta kan tebur

Sintesaiza ta kan tebur na'ura ce mai samar da sautin kiɗa ta hanyar lantarki, amma ba ta da madannai irin na fiyano. Akwati ce kawai cike da maɓallan murɗawa. Shi kuwa kibod ɗin sarrafawa madannai gare shi, sai dai bebe ne, ba ya fitar da sauti ko kaɗan. Sai an haɗa su ake samun cikakken abin kiɗa, kuma kibod ɗaya kan ishi na'urori da dama.

Harshen da suke magana da shi sunansa MIDI. Ya fito a 1983, bisa ƙoƙarin Dave Smith na kamfanin Sequential Circuits a Amurka da Ikutaro Kakehashi na Roland a Japan. A watan Janairun shekarar aka haɗa sintesaizar Prophet-600 ta Sequential Circuits da Jupiter-6 ta Roland a bainar jama'a, na'urorin kamfanoni daban-daban suka ji maganar juna.

Abin da ke rikita sabon shiga shi ne, sauti ba ya bi ta wayar MIDI. Umarni ne kawai ke wucewa: wane madanni aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi. Ana auna ƙarfin daga 0 zuwa 127, kowane madanni kuma da lambarsa, misali wanda ake kira C na tsakiya lambarsa 60. Sautin kansa daga sintesaizar yake fita zuwa lasifika ta wata wayar daban. Idan saƙon sakin madanni ya ɓace a hanya, sai na'urar ta yi ta kuka ba tsayawa.

Tsohuwar hanyar haɗi waya ce mai haƙora 5, daga mafitar kibod zuwa mashigar sintesaiza, tana ɗaukar bit (mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanan kwamfuta) 31,250 a daƙiƙa. Tashoshi 16 ke cikinta. In kibod yana aikawa ta tasha ta 1, sintesaiza tana saurare a ta 2, shiru za a ji ko da komai lafiya ƙalau yake.

USB ta fi kawo ciwon kai. Yawancin ƙananan kibod an yi su ne don a jona su da kwamfuta, haka ma sintesaizoji da yawa, to su biyun duk baƙi ne, babu mai masauki, wato kwamfutar da ke tafiyar da haɗin. Dole a sa kwamfuta a tsakani, ko ƙaramin akwatin da ke yin aikinta. Akwai kuma siririyar waya mai kai irin na abin sauraron kunne, milimita 3.5, wadda ta rabu iri biyu, A da B, kamarsu ɗaya amma haɗin cikinsu daban. A 2018 aka tsayar da A a matsayin ƙa'ida.

Kibod kan zo da madannai 25, 49, 61 ko 88. Mai 25 ya isa kiɗan hannu ɗaya; mai kaɗawa da hannu biyu zai takura a ƙasa da 49.