GCM-Filters

GCM-Filters manhaja ce ta kyauta, rubutacciya da harshen kwamfuta na Python, wadda masana teku ke amfani da ita wajen tace bayanan da kwamfuta ke fitarwa idan an kwaikwayi motsin teku da yanayi. Rubutunta a buɗe yake a dandalin GitHub, kowa na iya sauke ta, ya duba cikinta, ya kawo gyara.

Asalinta daga wata tawagar bincike ne da ke nazarin guguwoyin cikin teku, wato ruwan da ke kewayawa a faɗin kilomita goma zuwa ɗari ko fiye. Ian Grooms na Jami'ar Kolorado da abokan aikinsa ne suka wallafa lissafin da aka gina ta a kansa a 2021, sannan a 2022 Nora Loose ta jagoranci maƙalar da ta gabatar da manhajar.

Aikinta ya yi kama da tankaɗe: gari ya wuce, tsaki ya tsaya a rariya. Mai bincike shi ke zaɓar girman ramin rariyar, ya ce duk motsin da bai kai kilomita kaza ba a ware shi gefe, don a ga abin da ƙananan guguwoyi ke yi wa manyan igiyoyin ruwa. Wahalar tana bakin gaɓa. Idan aka ɗauki matsakaicin duk abin da ke kewaye da wuri ba tare da lura ba, a siririyar ƙasa irin Panama sai a cakuɗa ruwan Atlantika da na Pasifik, alhali tudu ya raba su. GCM-Filters ta kauce wa wannan. Kowane gurbi a taswira yana gaurayuwa kaɗan da maƙwabtansa na ruwa kawai, a maimaita sau da yawa, kuma ba abin da ke tsallake tudu.

Haɗin gwiwa wajen gina manhajar ya zama dole ne saboda kowane samfurin teku, wato shirin kwamfuta da ke kwaikwayon teku, da irin yadda yake yanka duniya gurbi-gurbi. Misali, na samfurin MOM6 daban, na samfurin POP daban. Wanda ya san wani samfuri sai ya rubuta ɓangarensa ya miƙa, wasu su duba, a gwada, kafin a shigar. Amfanin haka a fili yake: idan kowane ɗakin bincike ya riƙe nasa ma'auni a aljihu, ba a iya kwatanta sakamako. Manhajar ta dogara ga xarray da Dask, wasu manhajojin Python na sarrafa manyan bayanai, waɗanda jama'ar Pangeo, wata haɗakar masana kimiyyar ƙasa da yanayi, ke yawan aiki da su.

Jigawa da Kano ba su da teku, amma daminarsu daga can take tasowa, domin iskar da ke kawo ruwa daga Tekun Gini take ɗebo danshi. Bincike tun daga 1986 ya danganta farin da ya addabi yankin Sahel a shekarun 1970 da 1980 da sauyin ɗumin saman teku. Manhajar ba ta hasashen ruwan sama, kuma ba za ta gaya wa manomin gero a Gumel ranar shuka ba. Gudummawarta tana can baya, wajen gyara samfuran da hasashen yanayi ke tsayawa a kansu. Ɗalibi a Dutse ko Wudil na iya gwada ta da ƙananan bayanai a kwamfutar cinya, sai dai manyan bayanan teku na cin data da wutar da ba kowane ƙauye ke da su ba.